Sau Goma Sha Ɗaya Na Bi Ta Bencin Yagana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gobe idan Allah ya kai mu za ki kama hanyar Itas ki fara aikin koyarwa. Zan sa wannan takarda a cikin jakarki, ƙarƙashin dardumar salla. Ina roƙon Allah ya sa ki buɗe ta kin sauka lafiya, kin sami ɗakin da aka yi miki alkawari, kin kuma sa wani abu a cikinki.

Za ki ce Itas ɗin har ina daga Azare da sai an rubuta wasiƙa, ga waya. Gaskiyarki. Amma sau biyu na gwada yi miki maganar nan da baki, sau ɗaya muna tsintar shinkafa, sau ɗaya a keke napep muna dawowa daga kasuwa, duka na kasa. Kin san ni, idan ban rubuta abu ba, ba na yarda na faɗe shi daidai.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne da kika ce makarantar da aka tura ki ita ma tana da kwamfutocin hannun nan irin namu, waɗanda yaro yake koyon lissafi a kai shi kaɗai, kowa da saurinsa. Kika ce wa Abbanku kina dariya, "Ai da sauƙi, Umma digiri ta yi a kansu." Ummi, digirin nan da na gama wata uku da suka wuce, ina da shekara arba'in da bakwai, bayan hutu biyar ina tafiya karatu ina barinku da girki, akwai kuskure a cikinsa. Wannan kuskuren ne ya sa aka zaunar da wata yarinya mai suna Yagana a aji ɗaya ta maimaita, kuma da hannuna na rubuta sunanta a jerin masu maimaitawa. Ba ki san wannan ba. Abbanku ma rabi ya sani.

Bari in fara daga farko. Kwamfutocin da aka kawo mana guda ashirin da shida ne, yaran da nake koya wa lissafi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare kuma hamsin da biyu. Yaran suka raɗa musu suna allon gilashi, sunan ya bi su, ni ma haka nake cewa yanzu. Aka turo wasu matasa biyu suka yi mana bita ta kwana uku. A ɗakin bitar ni ce babba, biyu daga cikin malaman da ke zaune ma ni na koyar da su a firamare. Mai bitar yana magana da sauri, yana danna nan yana danna can, yana cewa, "An gane ko?" Kowa ya ce an gane. Ni ma na ce an gane. Abu uku na riƙe. Yaro zai kalli bayani ya amsa tambayoyi goma, idan ya gama wata koriyar kibiya za ta fito a ƙasa, ya danna ta ya wuce darasi na gaba. Ni kuma ina da shafina a waya, inda sunan kowane yaro yake da launi, kore ko rawaya ko ja. Na ukun shi ya fi nanatawa: kada mu matsa wa yaro, kada mu tsaya a kansa, kowa da saurinsa.

A shafin nan nawa akwai wata 'yar alama a gefen kowane suna. Tun ranar farko na gan ta. Na so in tambaya me ke ƙarƙashinta, na dubi yaran da na koyar a firamare, na fasa. Shekara guda cur ban taɓa danna ta ba, ina tsoron kada in lalata wani abu. Wannan shi ne kuskurena na farko. Ke a ƙarama za ki je, kunyarki za ta zama ta kada a ce sabuwar malama ba ta san komai ba. Duk ɗaya ne. Ki yi tambaya ko za a yi miki dariya, kuma duk abin da kika gani a shafin ki danna shi ki ga me ke ciki. Na tabbatar daga baya, ba ya lalacewa.

Da yake allunan ba su isa ba, sai na raba ajin biyu. Ranar Talata rabi su koma baya da allon gilashi, ni ina gaba ina koyar da ɗaya rabin da alli. Ranar Alhamis a sauya. Ke nan duk minti arba'in ɗin, masu allon gilashi bayana suke kallo ko gefen fuskata. Na ɗauka dabara na yi. Shugaban makaranta ma ya yaba.

Yagana tana cikin 'yan Talata. Mutanen Yobe ne da suka daɗe da zama a nan Azare. Kakanta Goni ne, yadda Barebari suke kiran mahaddacin Alƙur'ani, yana da makarantar allo a ƙofar gidansa. Doguwar yarinya ce marar magana, a bencin ƙarshe kusa da taga. Tun sati na uku sunanta ya yi ja, bai ƙara sauya launi ba. 'Yan ajin suna darasi na ashirin, ita tana na huɗu. Na kira ta na ce, "Yagana, kina ganewa?" Ta ce, "Eh, Malama." Na ce, "To ki dage." Ta ce, "To, Malama." Iyakar binciken da na yi ke nan. Na ce a raina saurinta ke nan, ai an ce kada a matsa. A ƙarshen shekara masu kore sun wuce darasi sittin da ɗoriya. Ita goma sha ɗaya.

Akwai sassan lissafi da na bar wa allon gilashi gaba ɗaya, ban taɓa su da alli ba saboda ƙarancin lokaci. Da jarrabawa ta zo, Yagana ta amsa abin da ta sani, ta bar sauran fili. Filin na gani. Ban lura ba cewa a waɗanda ta amsa babu kuskure. A'a, akwai ɗaya, ta manta ba ta rubuta santimita ba. Turancinta dama da rauni, dokar makarantarmu kuwa duk wanda ya faɗi lissafi da Turanci tare sai ya maimaita. Na rubuta sunanta, na sa hannu.

A daidai lokacin nake rubuta kundin digirina, a kan waɗannan alluna da wannan aji. Na kwashe alƙaluma daga shafina na jera su, na kammala da cewa yaran da suka daɗe a makarantar allo sun fi jinkiri wajen koyo da kansu, don haka a sauƙaƙa musu darasi. Ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, sau uku nake duba kowace. Ranar kare kundin, wani dattijo cikin masu jarraba ni ya ɗago kai ya ce, "Malama, su yaran kin tambaye su?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ai na'urar ce ta ƙirga, ba ta kuskure." Ya ce, "Ban ce ta yi kuskure ba. Me ta ƙirga?" Ya yi murmushi ya ce in tafi, na ci. Na dawo gida na tarar kin yi zoɓo da cincin, maƙwabta suna ta shigowa, ni kuwa tambayar nan tana kaina.

Da aka koma makaranta bayan dogon hutu, sai ga Yagana a ajina kuma, cikin ƙannenta, ta fi kowa tsawo, a bencinta na da, an mayar da ita darasi na ɗaya. Ranar Talata ta sati na biyu na ba 'yan gaba aiki, na taka zuwa baya na tsaya. Na zaci zan same ta tana fama. Na tarar ta ɗora allon a gwiwarta, ta juyo da fuskarsa wajen hanyar da nake bi, ta harɗe hannuwa. Tambaya goma, duka daidai. Koriyar kibiya tana ta ƙyaftawa.

Na ce, "Me kike jira?"

Ta ce, "Ke nake jira, Malama."

"Ni kuma? Ba ga kibiya nan ta fito ba?"

"Ai ba ki ji ba tukuna."

"In ji me?"

Ta dube ni kamar ni ce yarinyar. Ta ce, "A wurin Baba Goni ba a wanke allo sai an biya masa ya ce a wanke. Yayana ya taɓa wankewa bai biya ba, sau uku aka sa ya sake rubutawa."

Na ce, "To bara fa? Duk bara haka kike zama?"

"Idan na gama sai in sake shi, kamar tilawa. Idan kin biyo ta nan kin ce in ci gaba, sai in danna."

"Me ya hana ki kira ni?"

"Kina magana, Malama."

"'Yan ajinku ba su ce ki danna ba?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sun ce. Hajiya Kunkuru suke kirana."

A tsaye a wurin na ciro wayata, na nemo shafin bara, na danna 'yar alamar nan karon farko. Sai ga komai a jere. Darasi na huɗu, goma bisa goma, ta maimaita shi sau bakwai. Na biyar, goma bisa goma, sau tara. Na'urar ta ga yarinya ta daɗe a wuri ɗaya tana ta maimaitawa, ta ba ta ja. Ba ta yi ƙarya ba. Amma Ummi, ba saurin Yagana ta ƙirga ba. Sau nawa na bi ta bencinta ta ƙirga. Talata kusan talatin, sau goma sha ɗaya na bi ta wurin yarinyar nan.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ni ma 'yar makarantar allo ce. A Bulkachuwa, a ƙofar gidan kakanki, mu wajen arba'in muke zama, kowa da inda yake, wani yana farko wani ya yi nisa, ba mai jiran wani, amma ba mai wucewa sai malam ya ji. Ya aka yi na manta? A babin farko na kundina har na rubuta cewa barin kowane yaro ya tafi da saurinsa sabon abu ne da aka zo mana da shi. Ban sani ba ko karatun ne ya rufe min ido, ko tsoron na'urar.

Don haka a satinki na farko kada ki tsaya a gaba. Ki zagaya ta baya, ki leƙa fuskar allon kowane yaro da idonki. Idan kin ga ja, ki je ki zauna kusa da mai shi ki ce ya nuna miki abin da yake yi. Kada ki tambaye shi ko yana ganewa, duk yaron kirki eh zai ce. Launin nan yana nuna miki wurin wanda za ki je ne kawai, bai san abin da ke damunsa ba.

Daga nan kuma na sake yin wani kuskuren, ta ɗaya gefen. Washegari, a'a, ranar Alhamis ce, na tsaya gaban aji na ce daga yau ba mai jirana, da kibiya ta fito a danna. Cikin kwana goma shafina ya zama kore shar, har na ji daɗi. Sai na kira wani yaro, Habu, wanda ya fi kowa nisa, na ba shi alli na ce ya haɗa min rabi da rubu'i. Ya rubuta biyu bisa shida, ya koma gefe yana karkaɗe hannu.

Na ce, "Habu, ya aka yi ka wuce wannan darasin?"

Ya ce, "Malama, ai idan ka ci shida cikin goma kibiya tana fitowa. In ba ta fito ba sai ka sake, ka sauya waɗanda ta ce ba su ba ne."

"To bayanin fa, ka kalla?"

"Yana cin lokaci, Malama. Ai ke kika ce a danna."

Ajin ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa. Da a gaban Goni yake, da bai wuce ko layi ɗaya ba. Dokar Goni ta kama Habu ta zaunar da Yagana, tawa ta saki Yagana ta saki Habu. Yanzu abin da nake yi shi ne kowane darasi na uku yaro ya zo ya yi min lissafi ɗaya a takarda kafin ya danna. Yana aiki, amma layi yake yi, minti arba'in ba ya isa, masu kunya kuma su suke komawa ƙarshen layin, su sake zama suna jira. Wani lokaci in tsaya a tsakiyar ajin in rasa wa ke koyarwa, ni ko allon, kuma idan yaro bai iya ba wa za a tambaya. A nan ba ni da amsar da zan ba ki. Abin da na sani kawai, kada ki kafa wa aji duka doka saboda yaro ɗaya, kamar yadda na yi sau biyu. Idan kin gano wata hanya a Itas, ki kira ni ki koya min, da gaske nake.

Saura wanda ya fi min nauyi. A ranar Talatar da na gano maganar Yagana na je ofishin shugaban makaranta na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, jerin nan ke kika kawo min shi da sa hannunki. Idan za a gyara, ki rubuto da hannunki cewa kuskurenki ne, in sa a fayil ɗinki, don in an tambaye ni in sami abin nunawa." Bai yi min rashin adalci ba. Amma a cikin wannan fayil ɗin, sati biyu kafin nan, na sa takardar shaidar digirina ina jiran ƙarin girma. Na ce masa zan rubuto. Na fita ban rubuta ba.

Kwana tara na yi. Na ce wa kaina maimaitawar za ta gyara mata Turanci. Na ce iyayenta ba su kawo ƙara ba. Na ce shekara ɗaya ba komai ba ce a wurin yarinya, ni da na yi digiri da furfura. Kowace hujja idan na duba ta sai in ga kamar daidai ce, shi ya sa har yau nake tsoron kaina. A rana ta tara, lokacin da aka fita hutun cin abinci, ina wucewa ta bayan aji biyu na ga Yagana tsaye a jikin taga, tana leƙen abin da aka rubuta musu a allo. Wata tsohuwar 'yar ajinsu ta leƙo ta ce, "Hajiya Kunkuru, sai yaushe za ki iso?" Ba ta yi fushi ba. Ta yi murmushi ta ce, "Sai Malama ta ce."

Ba ta san na ji ba, ba ta kuma san akwai wata takarda ba. Jira kawai take yi, kamar yadda ta yi bara. Na koma ɗakin malamai na rubuta shafi biyu. Shugaban ya karanta ya ce, "Har da santimita kika sa?" Na ce ai ta faru. Ya yanke cewa a ba ta sati uku, bayan an tashi, ita da allon gilashi, sannan wani malamin lissafi, ba ni ba, ya yi mata jarrabawa a takarda. Kin tuna kwanakin da nake dawowa bayan la'asar ina ce muku aiki ya yi yawa? A gefenta nake zaune. Ta yi darasi, ta juyo min da allon, in sa ta yi min bayani da bakinta, in ce wuce. Wata rana biyar, wata rana shida. Ta ci jarrabawar. Ranar Litinin ta sati na bakwai ta ɗauki jakarta ta shiga aji biyu. Sati shida ta rasa, duka ta dalilina, amma kwana tara daga ciki ina sane.

Ummi, za ki yi kuskure a kan ɗan wani, ba makawa. Ranar da kika gano, a ranar za ki rubuta takardar. Kada ki kwana da ita, don da safe za ki tashi da hujjoji masu kyau. Maganar ƙarin girma har yanzu shiru, ban sani ba ko takardar ce ta tsayar da shi ko dama haka yake daɗewa, ban kuma tambaya ba. Kundin kuwa na kira malamin da ya duba min shi, ya yi dariya ya ce ya riga ya shiga laburare, in bari sai digiri na biyu in ƙaryata kaina. Ban san ko wasa yake ba. Na sa miki nawa kwafin a jaka. Babi na biyu zai yi miki amfani. Na huɗu da na biyar na ja musu layi da jan biro, ki karanta su don ki ga yadda lambobi na gaskiya suke kai mutum ga magana marar gaskiya.

Talatar da ta wuce ina cikin aji sai ga Yagana a bakin ƙofa, riƙe da allon gilashin aji biyu, ta juyo da fuskarsa wajena. Ta jira har na kai ƙarshen maganata, sannan ta ce, "Malama, in wuce?" Na ce, "Ai yanzu ba ni ce malamarki ba." Ta ce, "Na sani." Na duba, na sa ta yi min bayani, na ce ta wuce. Ta tafi. Har yanzu ban sani ba ko taimakonta na yi ko na ƙara ɗaure ta.

Amma ta sa na lura da wani abu a gidana. Sati biyu ke nan da takardar aikinki ta zo. Ba tukunyar da kika sa a buhu, ba zanin da kika ninke, sai kin kawo min na gani. Jiya har tsarin darasinki na farko kika ajiye min a kan gado, kika koma kika tsaya a bakin ƙofa. Na karanta shi sau biyu, babu gyara. Na san gobe ma za ki tsaya a zaure da jakarki, mai mota yana jira, kina kallon bakina, ni kuma na san bakin nan ba lalle ya iya ba. Shi ya sa na rubuta a nan. Na ji karatunki, Ummi. Ki wuce.

Allah ya tsare min ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga cutar da ɗan kowa da sani ko da rashin sani. Ya ba ki idon ganin wanda ke bencin ƙarshe. Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki gaishe da matar gidan da za ki zauna, ki kira Abbanku da kin sauka, don ba zai ce ba amma zai zauna da waya a hannu. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Umma